Giyar Cikin Hob: Ta Ingila, Ta Jamus, Ko Ta Japan?

 Batunmu na wannan wata na keke ne. Mun san wasu za su ce ai zamani ya wuce nan, yanzu babur ake yayi da yalo-yalo. To, mai faɗin haka ya fito bakin titi a Tamale da ƙarfe bakwai na safe ya ƙirga da kansa: ga 'yan makaranta, ga mata masu zuwa kasuwa, ga manoma da fartanya ɗaure a kariya, duk a kan keke. Gidan da kekensu ya mutu, ko dai yaro ya riƙa makara a makaranta, ko kuwa a riƙa gutsurar kuɗin cefane kullum ana biyan mota. Saboda haka magidancin da ya tara kuɗi ya fita sayen keke ba wasa ya fita yi ba.

Yawancin kekunan da muke hawa yau na gwanjo ne, ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Tema daga Japan da Holan da Jamus da Ingila. Da yawansu za ka ga hob ɗin tayar baya, wato cibiyar da wayoyin taya suke haɗuwa, ya yi kauri kamar gwangwanin madara, ga kuma wata 'yar waya ta taho daga kan keke ta shiga gefensa. Giya ce a ciki. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda muke ganin ana wulakanta waɗannan hob. Mai saye yana gudunsu don an ce masa ba su gyaruwa. Wanda ya saya kuma, ranar da giyar ta yi ɗan gardama, sai mai gyara ya ce a cire a sa hob mara giya, a datse wayoyi, a jefa tsohon bayan rumfa har masu sayen ƙarfe a kilo su zo su kwashe. Mu kuwa a gidan da ke da rumfar gyaran keke a ƙofarsa muka tashi, tun muna miƙa sifana har muka kai ga kwance hob da hannunmu, kuma mun san cewa cikin goma da ake zubarwa, galibinsu ba abin da ke damunsu sai ƙishin mai da rashin saiti.

Giyar keke iri biyu ce. Akwai ta waje, wadda ake ganin farantai masu haƙora jere a tayar baya, da wani ƙarfe mai reto yana ɗauke sarƙa daga wannan zuwa wancan. Ita samari suka fi so, don ana ƙirga ta a yi alfahari, wai nawa mai 18 ne, nawa mai 21. Ba mu ce ba ta da amfani ba, ba ta da nauyi, kuma kayanta sun cika kasuwa. Amma fa komai nata a fili yake. Ƙurar hunturu da jar ƙasar hanya su haɗu da mai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su cinye sarƙa da haƙora. Keke ya faɗi ta hannun dama, ko a ɗaure shi a saman mota a danne da buhun doya, ƙarfen nan mai reto ya lanƙwashe, wata rana ya faɗa cikin wayoyin taya. Ta ciki kuwa a rufe take. Sarƙa ɗaya ce miƙe sambal, mai kauri, ana iya rufe ta da kes don kada ta ci bakin wando ko zane. Sa'an nan kana tsaye cik a mahaɗar hanya da kaya a baya za ka iya mai da ita giya ta ɗaya ka tashi a sauƙaƙe, abin da ta waje ba ta yarda da shi sai ana tafiya.

Mutane suna tsoron cikin hob kamar akwai aljani, alhali abin da ke ciki lissafi ne. Mu ɗauki mai giya uku na Sturmey-Archer. A jikin aksul akwai wata 'yar giya mai haƙora 20 wadda ba ta motsi, Turawa suna ce mata rana. Wasu ƙanana huɗu, su ma masu haƙora 20, suna zagaya ta a cikin wani keji. Sai zobe mai haƙora 60 ta ciki ya kewaye su duka. In ƙarfin ƙafarka ya shiga ta zobe ya fita ta keji, farantin baya zai juya sau 4 taya ta juya sau 3, giyar hawan tudu ke nan. In ya shiga ta keji ya fita ta zobe, faranti sau 3 taya sau 4, giyar gudu. Ta tsakiya kuwa ba ruwanta da waɗannan haƙora, faranti ɗaya taya ɗaya, kamar keke mara giya. Duk sauran hob ɗin duniya, har mai giya 14, wannan dabara ce aka ninka.

Da Sturmey-Archer za mu fara, don ita ce uwa. A birnin Notingham na Ingila aka soma yin ta a 1902, ƙarƙashin inuwar kamfanin Raleigh, kuma sunan ya fito ne daga mutum biyu, Henry Sturmey da James Archer. Samfurin da ya cika duniya shi ne wanda aka buga wa AW a jiki, ya fito a 1936, aka yi shekaru fiye da sittin ana ƙera shi ba tare da wani babban canji ba. Dattawanmu sun san shi. A zamanin da Raleigh ke sarautar kekuna a ƙasashen nan, mara giya shi ne na kowa, mai giya uku kuwa sai babban malamin makaranta ko akawu, ana jin ƙas-ƙas ɗinsa tun kafin ya shawo kwana. Wani abin sha'awa, in ka goge jikin hob ɗin za ka ga lambobi biyu, shekara da wata. In ka ga 74 da 6, to a watan Yuni na 1974 aka yi shi. Yana da kyau mai saye ya duba, don dillali ba zai iya yi wa ƙarfe ƙaryar shekaru ba.

Abin da ya sa muke fifita AW abu uku ne da suke tafe tare. Yana da ramin zuba mai da ɗan murfi a jiki, digo biyu ko uku na baƙin mai mara kauri a wata ya ishe shi. Kayan cikinsa manya ne, kaɗan ne kuma, yaro mai hankali zai koyi kwance shi da ɗaurawa a yini guda a kan tabarma. Kuma da yake an daɗe ana yin sa iri ɗaya, yawancin kayan na wannan shekara suna shiga na waccan, sai mataccen hob ɗaya ya tashi uku. A nan sai mu yi wa 'yan uwa kashedi game da mai. Kada a zuba manja, ko man gyaɗa, ko man kaɗanya. Suna daskarewa su zama danƙo, su riƙe 'yan harsunan ƙarfen da ke kama haƙora, waɗanda sifirin ɗinsu bai fi gashin wutsiyar doki kauri ba. Giris mai kauri ma haka yake yi. Hob da yawa da aka ce sun mutu, da an jiƙa cikinsu a kananzir an wanke an sa mai mai kyau sai ka ji sun farka.

Amma tsohon AW yana da wani hali da ba za mu ɓoye ba. Tsakanin giya ta biyu da ta uku akwai gurbin da babu abin da ya kama wani abu. In wayar giya ta saki ba a saita ba, kana cikin taka feda sai ta zurma fanko, kuma in a tsaye kake kan feda a lokacin, sandar keke ce za ta tarbe ka a inda ba a faɗa. Wannan ne ya ɓata wa giyar ciki suna a wurin mutane da yawa. Maganinsa bai fi minti biyu ba. A sa giya ta biyu, a leƙa ta 'yar tagar da ke jikin notin dama, a juya abin saitin waya har kafaɗar sandar da 'yar sarƙa ke ja ta yi daidai da bakin aksul, sai a ɗaure. In kuwa wayar ta tsinke a hanya, hob ɗin zai tsaya a giya ta uku, mai nauyi. Dabarar tsofaffi ita ce a jawo 'yar sarƙar waje a soka ƙusa ko guntun wayar taya a cikinta ta tokare da noti, a lallaɓa zuwa gida da giya mai sauƙi.

A shekarar 2000 kamfanin ya durƙushe a Ingila, kamfanin SunRace na Taiwan ya sayi sunan da injuna ya kwashe can. Raleigh ma ya daina haɗa kekuna a Notingham a 2002. Sturmey-Archer da ake yi yanzu a Taiwan an toshe musu wancan gurbin fanko, da giris ake rufe su, babu ramin mai. Suna da kyau, sai dai ba su cika zuwa mana a gwanjo ba.

Na Jamus kuwa Sachs ne, daga garin Schweinfurt, kuma sunan da za ka fi gani a jiki shi ne Torpedo, wanda suka soma amfani da shi tun 1903. Kekunan Jamus da Holan su ke zuwa da shi, yawanci haɗe da birkin feda, wato ka taka baya keke ya tsaya. Mai giya uku nasu ƙarfe ne na gaske, tafiyarsa santsi, ratarsa ta ɗan fi ta AW faɗi, kuma birkin nan ba ruwansa da ruwan sama ko lanƙwasar rim. In mutum ya saba da shi ba ya son wani. Matsalar tana ga masu giya 5 da 7. Waɗannan suna da wani ɗan akwatin roba da ke maƙale a bakin aksul ta waje, shi ke tura sandunan canjin giya, kuma shi ne farkon abin da ke bugun ƙasa in keke ya faɗi. Kamfanin SRAM na Amurka ya sayi sashen kekuna na Sachs a 1997, sa'an nan ya daina yin giyar ciki gaba ɗaya a 2017. Ma'ana, duk akwatin da ya fashe sai dai a cire na wani keken. Don haka mu dai in an tambaye mu, Sachs mai uku a saya da murna, mai 5 ko 7 kuwa sai in akwatinsa lafiya lau kuma an rage kuɗi.

Sai Shimano na Japan, wanda shi ne ya fi yawa a hannunmu yau, saboda kekunan cefanen matan Japan, masu kwando a gaba da sanda a ƙasa, da su ake cika kwantena. Shimano ya soma yin mai giya uku a 1957. Tsohon samfurinsu mai lamba 333 bai kai AW ƙwari ba, in an yi masa lodi harsunansa kan karye, ba mu ba da shawarar a sha wahala a kansa ba. Amma Nexus mai uku wani abu ne daban. Canjinsa laushi, babu gurbin fanko, giyarsa ta ƙasa tana rage kashi 27 cikin ɗari, ta sama tana ƙara kashi 36, inda AW ke rage 25 ya ƙara 33. Maimakon 'yar sarƙa, wata siririyar sanda ce ake turawa cikin aksul, da wani ɗan gwiwa a waje mai taga. Saitinsa ma a giya ta biyu ake yi, a daidaita alamar da ke cikin tagar tsakanin layukan. In waya ta tsinke shi giya ta ɗaya yake komawa, za ka iso gida a hankali amma ba da ciwon gwiwa ba. A kula da sandar nan lokacin da aka cire taya, don zamewa take yi ta faɗi cikin yashi, kuma rashinta kaɗai ya sa an yanke wa hob da yawa hukuncin kisa. Aibinsa shi ne ba shi da ramin mai, sai an zare cikinsa an wanke an shafa, kuma ƙananan kayansa ba a cika samun su ɗai-ɗai ba. Sai dai yawansa ya rufe wannan aibi, ko'ina ka je akwai wanda za a ciro.

Nexus mai 7, wanda ya fito a 1995, da ƙanensa mai 8, su ne ke ruɗin masu saye. Gaskiya ratarsu ta fi. In an auna daga giyar ƙasa zuwa ta sama, AW yana ba da kashi 178, Nexus mai uku 186, mai bakwai 244, mai takwas 307. Abin canjin giyarsu yana ɓoye ta cikin firam, faɗuwa ba ta taɓa shi, kuma saitinsu a giya ta huɗu ne, a haɗa alamomi biyu su fuskanci juna. Mai takwas ya fi mai bakwai a wurinmu, don giyarsa ta biyar kai tsaye take, faranti ɗaya taya ɗaya, mai bakwai kuwa ba shi da irin wannan, kowace giya sai ta bi ta haƙora, kana jin ɗan ja a ƙafa. Amma nauyinsu ya kusa kilo 2, inda mai uku ke wajen kilo 1, kuma in ruwa ya shiga ya yi tsatsa a ciki, ba kowane mai gyara ne zai buɗe ya iya mayarwa ba. Wanda ke ratsa rafi da damina ya yi tunani. Akwai kuma Alfine mai 11 na 2010, wanda cikinsa ke iyo a mai, da wani mai suna Enviolo da ba shi da matakai sam, ƙwallaye ne a ciki. Waɗannan sai jefi-jefi, kuma in sun lalace a nan sun lalace ke nan.

Ba za mu wuce ba mu ambaci Rohloff ba, ko da yake ambato ne irin na mai kallon dokin sarki. Wani ƙaramin kamfani ne kusa da Kassel a Jamus, ya fito da hob mai giya 14 a 1998, ratarsa kashi 526, kowane mataki daidai yake da ɗan uwansa, kashi 13.6. Ana canza masa mai sau ɗaya a shekara ko bayan kilomita 5,000. Shi za ka gani a kekunan Turawan nan masu ratsa ƙasashe, da jakunkuna huɗu da fuska a ƙone, suna bin hanyar Bolgatanga zuwa Paga. Kuɗin hob ɗin kaɗai ya haura yuro 1,000. Da wannan kuɗi a nan ai babur mutum zai tambaya.

To, wanne za a saya? Ya danganta da inda mutum yake. Tamale da kewayenta shimfiɗe suke, abokan gaba su ne ƙura da iskar hunturu da nauyin kaya, giya uku ta wadatar har da saura. Kumasi kuwa tudu da gangare ce, nan ne mutane ke cewa giya uku ba ta isa ba. Amma sau da yawa ba yawan giya ne ya gaza ba, faranti ne bai dace ba. Tsofaffin kekunan Ingila sukan zo da haƙora 46 a gaba, 18 a baya. A taya mai inci 28, zagayen feda ɗaya yana kai ka wajen mita 4.3 a giya ta ɗaya, 5.7 a ta biyu, 7.6 a ta uku. Wa zai iya taka mita 7.6 da galan biyu na ruwa a baya? Sai ta uku ta zama ado. A cire mai 18 a sa mai 22, a ƙara wa sarƙa 'yan gaɓoɓi, sai lissafin ya koma 3.5 da 4.7 da 6.2, duk ukun su shiga aiki, tudu kuma ya rage tsawo. Abin daɗi, farantin baya mai kunnuwa uku iri ɗaya ne a Sturmey-Archer da Sachs da Shimano, na wannan yana hawa wancan, zobe ɗaya ne ke riƙe shi. Abin canjin giya na kan keke kuwa ba haka yake ba, kowane kamfani da tsawon jan wayarsa, kada a haɗa na Shimano da hob ɗin Sturmey a ce hob ne ya lalace.

Mu dai jerinmu shi ne: tsohon AW mai ramin mai in an dace da shi, sai Nexus mai uku, sai Sachs mai uku, sa'an nan Nexus mai takwas ga wanda ke Kumasi kuma ya san hannun da zai kai wa. Wasu cikin abokan sana'a sun sa Nexus mai uku a gaba, suna cewa AW ya soma wuyar gani kuma yaran yanzu ba za su tuna da digon mai ba. Ba mu ce ba su da hujja ba.

Masu ƙorafin cewa cire tayar baya yana da wuya, gaskiyarsu, sai dai a nan wa ke cire taya don faci? Ana zaro tiyub ta gefe a liƙe a mayar. Ranar da dole sai an cire, a lura da wasu wasoshi masu ɗan harshe da ke shiga tsagin firam. Su ke hana aksul juyawa, tun da duk ƙarfin giya a kansa yake tokarewa. Yaran shago sukan yar da su su sa wasa na banza, bayan mako biyu aksul ya juya ya buɗe bakin firam ya nannaɗe waya.

A kasuwa kuma kada a tsaya ga ɗaga taya a juya feda da hannu, kowace giya tana kamawa in babu nauyi. A hau, a taka da ƙarfi a kowace giya ana zaune kan sirdi, a ji ko tana tsalle. A kama tayar baya a girgiza gefe da gefe a ji ko boris ya saki. Ga 'yan uwanmu masu gyara kuma, in mai keke ya nace sai an cire, to a cire, amma a kwance wayoyi a ajiye hob ɗin a kan kanta tare da abin canjinsa da wasoshinsa a leda ɗaya. Wanda zai ɗaura shi a wata taya ya ƙirga ramuka tukuna, don tsofaffin na Ingila da yawa ramuka 40 gare su, rim ɗin da ke kasuwa yanzu kuwa galibi 36 ne.

Sai wani watan, in Allah ya kai mu.